Hukuncin Sayen Keke Na Hannu Ta Intanet Kafin A Hau Shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Zariya, kuɗin mota kullum ya fara fin ƙarfina. Na ga tallar wani keke na hannu a Facebook, mai shi yana Kaduna. Ya sa masa naira 70,000, alhali irinsa da na taya a nan an ce mini 110,000. Hotuna huɗu kawai na gani. Ni kuma dogo ne, ina tsoron kada ya yi mini kaɗan. Ya ce in tura rabin kuɗin kafin alƙalami, ya sa mini shi a mota, kuma idan an saya ba a mayarwa. Shin cinikin ya halatta? In ya zo bai yi daidai da ni ba, ina da ikon mayarwa? Arhar nan fa, ba ta da matsala?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, asalin cinikin halal ne. Ƙulla shi ta waya ko ta intanet bai rage masa komai ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa ta hanyoyin sadarwa na zamani. Inda magana take shi ne kana sayen abin da ba ya gabanka, kuma malamai sun daɗe da tattauna wannan tun kafin a ƙera keke. Imam Shafi'i a mazhabarsa ta ƙarshe ya hana, saboda hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san ƙarshensa ba. Imam Abu Hanifa ya halatta, ya ba mai saye zaɓi ranar da ya ga kayan. Mazhabarmu ta Malikiyya ta bi tsakiya: Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa babu laifi a sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa. Idan kaya ya zo kamar yadda aka siffanta, ciniki ya lizimci mai saye. Idan ya saɓa, yana da ikon fasawa.

To ka lura da wannan jumla ta ƙarshe, domin a nan amsar tambayarka ta biyu take. Abin da aka siffanta shi ake bi. A ce keken ya iso lafiya lau, birki na kamawa, giya na shiga, babu tsagewa ko'ina, sai dai in ka hau gwiwarka na neman dukan kan keken. Wannan ba aibi ba ne a shari'a. Aibi shi ne abin da ke rage darajar kaya a wurin mutane, ƙaramin keke kuwa darajarsa na nan, gajere zai hau shi ya ji daɗi. Tsawonka ba laifin mai sayarwa ba ne. Saboda haka in ba ka ambaci girman keken a cikin cinikin ba, ba ka da ikon tilasta masa ya karɓi abinsa. Sai dai ka roƙe shi, in ya yarda ya samu ladan hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wanda ya yarda ya warware wa Musulmi ciniki, Allah zai yafe masa tuntuɓensa.

Shi ya sa nake ganin hotuna huɗu ba su cika siffantawar da ake nufi ba, a wurin mutum irinka. Hoto yana nuna launi da ƙyalli, ba ya nuna tsawo. Mutane da yawa suna tambayar girman taya, a ce musu inci 26 ko 28, su ɗauka magana ta ƙare. Girman taya daban, girman firam daban. Keke biyu za su iya zama da taya iri ɗaya, ɗaya na saurayi ɗan shekara 14, ɗaya na ƙato. Ka sa ya ɗauko tef ɗin tela ya auna maka ƙarfen da ya tashi daga gindin feda zuwa inda sandar sirdi ke shiga, ya kuma auna daga ƙasa zuwa ƙarfen sama. Kai ma ka auna tsawon ƙafarka daga ƙasa zuwa matsematsi. Ya kamata in ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, a samu rata kamar yatsu biyu. In kuma kana kan sirdi feda ta sauka can ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan, ba ta miƙe sambal ba, ba ta kuma dunƙule ba. Kada ka ce ai za a ɗaga sirdi. Sandar sirdi tana da iyakar da aka zana mata, wanda ya wuce ta yana iya tsaga firam, kuma ɗaga sirdi ba ya ƙara nisan da ke tsakaninka da kan keken sai ɗan kaɗan. Wanda zai riƙa tuƙi safe da yamma a takure, bayansa da gwiwarsa za su biya bashin arhar.

In ya rubuto maka awon, ya zama sharaɗi. Ranar da keken ya zo ya gaza abin da ya rubuta, kana da ikon mayarwa, ko da lafiyarsa ƙalau.

Akwai hanyar da ta fi wannan. Malamanmu sun halatta sayen abin da ba ya nan, ko ba a siffanta shi ba, matuƙar an ce mai saye yana da zaɓi idan ya gani. Sun kuma halatta sharaɗin zaɓi na ɗan lokaci don gwaji, kowane kaya da gwargwadonsa. Shaihu Khalil, malamin fiƙihun Malikiyya, ya ƙiyasta kamar wata ɗaya ga gida, kamar kwana uku ga dabba, kamar yini ɗaya idan don a gwada hawanta ne. Keke dabbar hawan talaka ce a yau, yini guda ya ishe ka ka san ko naka ne. Sai dai a irin wannan ciniki na zaɓi ba a sharɗanta biyan kuɗi tun farko, domin kuɗin zai zama ba a san matsayinsa ba: in an saya farashi ne, in an fasa rance ne da mai kaya ya ci moriyarsa.

Wannan ya kawo mu kan rabin kuɗin da ya nema. Ka tambaye shi a fili: in na fasa, kuɗina zai dawo? In zai dawo, kuma cinikin yankakke ne bisa siffa, babu laifi. An yarda a sharɗanta biya idan kayan na kusa, kuma Kaduna da Zariya tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. In kuwa nufinsa kuɗin ya zama nasa idan ka fasa, wannan shi ne cinikin urbuni. Imam Malik da mafi yawan malamai sun hana shi, suna ganin cin dukiya ne ba da haƙƙi ba. Imam Ahmad ya halatta, majalisar da na ambata ma ta halatta shi a 1993 da sharaɗin a iyakance lokacin jira. Ni a mas'alarka ina tare da masu hanawa, domin ba ka ga kayan ba, ba ka san mutumin ba, kuma rabin kuɗi ya wuce abin da aka saba kira kafin alƙalami. Wannan ta fuskar hukunci ke nan. Ta fuskar hankali kuwa, halaccin tura kuɗi ba ya nufin za su dawo idan waya ta daina shiga.

Ka kuma sani, keken yana kan lamunin mai sayarwa har ya shigo hannunka, sai in kun yi sharaɗin akasin haka. In ya ɓata ko ya lanƙwashe a saman mota, asararsa ce. Amma in kai ka turo direban, to direba wakilinka ne, karɓarsa karɓarka ce.

Maganar "ba a mayarwa" ba ta wanke shi daga aibin da ya sani ya ɓoye. Firam ɗin da ya taɓa karyewa aka yi masa walda aka shafe da fenti, ko ƙafar gaba da ta lanƙwashe a karo, dole ya faɗa. Hadisin Uƙba bin Amir a Ibn Majah ya ce bai halatta Musulmi ya sayar wa ɗan'uwansa abu mai aibi ba sai ya bayyana masa. Amma taya da ta ɗan ci, ko sarƙa mai neman mai, ko kujen fenti, duk wanda ya sayi na hannu ya san da su, ba a mayar da kaya saboda su.

Saura arha. Shari'a ba ta yanke wa mai kaya farashi ba. Mutum na iya karyar da kayansa don matsuwa ko tafiya, kuma ba ka yi laifi ba in ka saya, ko ka nemi ragi ba tare da kushe kayan da ƙarya ba. Sai dai ratar naira 40,000 tana buƙatar dalili, kuma keke na cikin abubuwan da aka fi sacewa a masallatai da makarantu da kasuwanni. Ka tambaye shi inda ya samo shi da dalilin sayarwa, ka nemi rasit in akwai, ka ce ya ɗauko hoton lambar da aka buga a ƙarƙashin gindin feda. In lambar a goge take, ko amsarsa tana sauyawa, ko yana ta azalzalarka, har zuciyarka ta rinjaya cewa na sata ne, saye ya haramta gare ka. In ka saya ba ka sani ba babu zunubi, amma ranar da mai shi ya zo da hujja zai ɗauki kekensa, kai kuma ka bi wanda ya sayar maka, in ka same shi.

Kuma ka yi lissafi da kyau: kuɗin mota, da taya biyu da tif, da robar birki, da ladan mai gyara, ka ɗora su kan 70,000 kafin ka kira shi arha.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: kada ka tura rabin kuɗin a kan wannan sharaɗi. Ka shiga mota ka je Kaduna, ku haɗu da rana a wurin jama'a, zai fi kyau a rumfar mai gyaran keke, ka hau ka zaga, sannan ka biya. In zuwa ba zai yiwu ba, ka wakilta wani amintacce mai kusan tsawonka ya hau a madadinka. Ganin wakili ganinka ne, kuma daga nan ba ka da sauran zaɓin gani.

Allah ne Mafi sani.