Me ya sa ake ba mai kwana a titi makulli kafin ya daina shaye-shaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a Amurka da wasu ƙasashe ana ɗauko mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kwana a titi, a ba shi gida na dindindin, a haɗa shi da ma'aikatan da za su riƙa kula da shi, kuma wai ko yana shaye-shaye ba a ce sai ya daina tukuna ba. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Wannan ba ɗaure wa shaye-shaye gindi ba ne? Kuma ana ganin amfaninsa kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da ka karanta haka yake, kuma ko a ƙasashen da ake yin sa har gobe ana kai ruwa rana a kansa. Sai dai ba kowane mara muhalli ake ba irin wannan gida ba. Akasarin waɗanda suka rasa matsuguni, rasa aiki ne ko tsadar haya ko mutuwar aure ta jefa su waje, kuma da ɗan tallafi suke miƙewa. Wannan tsari na waɗanda suka daɗe ne. Ma'aikatar gidaje ta tarayyar Amurka ta shata iyaka: mutum ya kasance da nakasa ko doguwar larura, ciki har da taɓin hankali da kamuwa da shaye-shaye, sannan ya yi shekara guda cur ba muhalli, ko ya rasa shi sau huɗu cikin shekara uku, jimilla wata 12.

Gidan kuma ba kyauta ba ne. Takardar haya ake rubutawa da sunansa, ya riƙa biyan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, ko da kuɗin tallafin nakasa ne, gwamnati ta cike sauran. Duk dokar da ta hau kan ɗan haya ta hau kansa. Abin da ake nufi da dindindin shi ne ba a yanka masa wa'adin fita ba.

Da can hawa-hawa ake yi. Mutum ya fara da ɗakin kwanan jama'a, in ya nuna natsuwa a kai shi gidan wucin gadi, in ya daina sha ya kuma riƙe magani, sannan a ce ya cancanci nasa. Ko sau ɗaya ya zame, sai a mayar da shi ƙasa. Waɗanda suka fi kowa buƙata su ne ba sa kaiwa sama. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, da ke aiki da masu larurar ƙwaƙwalwa a titunan New York, ya gaji da ganin fuskoki iri ɗaya suna zagaye tsakanin asibiti da kurkuku da bakin titi. A 1992 ya kafa ƙungiyar Pathways to Housing, ya juya tsarin: gida tukuna, magani ya biyo baya. Binciken da aka buga a 2000 ya nuna kashi 88 na mutanensa suna nan a gidajensu bayan shekara biyar, alhali a tsohon tsari kashi 47 ne.

Dalilin ba ya da wuyar ganewa, ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗauki mai larurar ƙwaƙwalwa da likita ya ce ya sha ƙwaya safe da dare. Jakarsa ita ce matashin kansa, a ciki maganin yake tare da katin shaidarsa. Yau ruwan sama ya jiƙa ta, gobe an sace ta yana barci, in ma barcin ya samu, don mai kwana a waje ido ɗaya yake rufewa. Asibiti ya aika masa takardar ranar ganin likita, babu adireshin da za ta sauka. Da yawansu ma shan da suke yi don su iya runtsawa ne cikin sanyi da tsoro. A ce wa irin wannan ya gyaru kafin a ba shi ƙofar da zai kulle, an ɗora masa abin da mai gida da iyali ma da ƙyar yake iyawa.

Amma makulli kaɗai ba ya riƙe mutum, kuma a nan gizo ke saƙar. Makonnin farko su suka fi wuya. Ma'aikata sun sha tarar da sabon ɗan haya kwance a ƙasa kusa da ƙofa, da takalmi a ƙafa, ga gado can ba a taɓa ba. Shirun ɗaki yana damun wanda ya saba da hayaniya. Wani kuma tausayi ke ja masa: tsofaffin abokan titi su cika ɗakin, maƙwabta su kai ƙara, mai gida ya fara zancen kora. Aikin masu kula shi ne su riga matsalar isa. Ga masu larura mai tsanani tawaga ake haɗawa, da likitan ƙwaƙwalwa da nas da mai ba da shawara kan shaye-shaye, sau da yawa har da wanda shi ma ya taɓa kwana a titi, ma'aikaci ɗaya ga mutum goma ko kusa da haka. Su suke zuwa gida, ba a jira shi a ofis. Su sabunta masa takardu, su raka shi asibiti, su koya masa tsara kuɗin wata, su lallashi mai gida. Ba a tilasta masa magani, amma ana ta tayi ba gajiyawa. In ma an kore shi, a nemo masa wani ɗakin, ba a ce ya faɗi jarrabawa ba.

Yanzu ga gaskiyar da masu tallata tsarin ba su cika son faɗa ba. Gwaji mafi girma a Kanada aka yi shi, daga 2009 zuwa 2013, a biranen Vancouver, Winnipeg, Toronto, Montreal da Moncton, da mutane sama da 2,000 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A wata shida na ƙarshe, kashi 62 na waɗanda aka ba gida suna ciki ba yankewa, ɗaya ɓangaren kashi 31. A fannin shaye-shaye kuwa ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Wato tsoronka bai tabbata ba, gida bai ƙara musu sha ba, amma bai raba su da shi ba. A 2018 majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba binciken da aka tara, ta ce hujjar zama a gida tana da ƙarfi, ta inganta lafiya kuwa ba ta kai ba, in ban da masu cutar ƙanjamau. Haka zancen cewa tsarin yana biyan kansa. A gwajin Kanada, kowace dala 10 da aka kashe kan masu larura mai tsanani ta rage dala 9.60 a kuɗin asibiti da makamantansu, a kan masu matsakaiciyar larura dala 3.42 kacal. A ganina kuskure ne a sayar da shi a matsayin hanyar tsimi. Maganin rashin muhalli ne, kuma a nan ya yi abin da aka sa shi.

Finlan ta ɗauke shi manufar ƙasa a 2008, ta kuma yi abin da wasu suka kasa: ta samar da gidajen. A Helsinki an mai da wani tsohon ɗakin kwana mai gado 250 zuwa gidaje 81, kowa da ƙofarsa, ma'aikata na nan a ginin. A Amurka, tsofaffin sojoji marasa muhalli sun ragu da fiye da rabi tun 2010, saboda an ware musu tallafin haya da masu kula. Jihar California kuwa ta sa tsarin cikin dokarta a 2016, amma yawan masu kwana a titi ya ci gaba da hawa, kuma masu suka da wannan suke kafa hujja. Inda haya ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, kana shigar da goma gida wasu sababbi suna faɗowa waje.

Saboda haka in ka ji ana yabon wani shiri ko ana kushe shi, tambayi mutum nawa ke hannun ma'aikaci ɗaya, da kuma abin da ake yi ranar da mai gida ya ce ɗan haya ya tashi. Inda aka jibga wa ma'aikaci ɗaya mutum arba'in ko hamsin, sai dai ya riƙa buga waya, kuma mutumin da ke kwance a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa ba lallai ne ya ɗauka ba.