Tambaya da Amsa: Nobel (littafin ƙagaggen labari) na binciken laifukan yaƙi, wanne ya cancanci kuɗinka?

Wani ɗan uwa daga Zariya ya rubuto: "Malam ina son nobel na Turanci irin na binciken laifukan yaƙin basasa, amma duk wanda na saya sai in tarar harbe-harbe ne kawai. Ya zan gane na kirki kafin in biya?"

Ɗan uwa, ka fara duba me mai binciken yake nema a babin farko. In daga farawa ya zaro bindiga yana bin wani da mota, ajiye shi kawai. A aikin gaske ba sanin wanda ya yi harbi ne ke da wuya ba, wannan kam mutanen gari sun san shi, wahalar ita ce a tabbatar wa alƙali wane babba ne ya ba da umarni, alhali shi yana ofis bai taɓa kowa da hannunsa ba.

Ka ɗauki Srebrenica a Bosniya, watan Yulin 1995, inda aka kashe maza da yara maza Musulmi kusan 8,000. Bayan 'yan watanni sai masu kisan suka dawo da katafila suka tone ramukan, suka kwashe gawarwakin zuwa wasu ramuka don ɓatar da sawu, shi ya sa ƙasusuwan mutum ɗaya sai a same su a rami biyu ko uku. Masu bincike sai da suka riƙa gwada ƙasar wannan rami da ta wancan, da kwanson harsashi, da tsumman da aka ɗaure wa mutane idanu, sannan aka ɗebi jinin iyaye da 'yan uwa aka yi gwajin DNA kafin a san wane ne wane. Wallahi marubucin da ya san irin wannan aikin ba ya buƙatar ƙirƙiro wani jarumi, labarin da kansa ya isa ya hana ka barci.

Sai kuma lokaci. An kafa kotun Hague ta laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya, wadda Bosniya ta ɓalle daga cikinta, a 1993, amma Janar Ratko Mladic, kwamandan sojojin Sabiyawan Bosniya da suka yi kisan Srebrenica, bai zo hannu ba sai 2011, hukuncin ɗaurin rai da rai kuma sai 2017. Radovan Karadzic, shugaban Sabiyawan Bosniya a lokacin yaƙin, shi har gemu ya tara yana aikin mai maganin gargajiya a Belgrade da wani suna daban kafin a kama shi a 2008. To littafin da ya gama bincike da shari'a cikin sati guda kam ba da gaske yake ba. Ka leƙa shafukan ƙarshe ma, marubucin kirki yakan faɗi da wa ya yi hira, wane ne gaskiya wane ne ya ƙirƙira. Kuma ni abin da na fi dubawa shi ne waɗanda aka kashe, suna da suna da dangi a labarin ko kuwa tarin gawa ne kawai aka zuba don a tsorata mai karatu? In na biyun ne ba na saya, raina ba ya so.

Wata baiwar Allah daga Kaduna kuma ta ce ɗanta mai shekara 15 ya matsa sai ta saya masa wanda aka gina kan yaƙin Saliyo.

Hajiya, ki fara karantawa da kanki. Yaƙin nan na 1991 zuwa 2002 akwai sare hannayen mutane da tilasta wa yara ɗaukar bindiga da fyaɗe, wasu marubutan kuma ba sa sakayawa ko kaɗan. Ki zaɓi wanda ya fi karkata ga shari'a da shaidu, ku riƙa tattaunawa bayan kowane babi. Ki ba shi labarin Charles Taylor ma, tsohon shugaban Laberiya da ya zauna gudun hijira a Kalaba, aka kama shi a Gamboru Ngala a 2006 zai tsallaka Kamaru, a 2012 aka yanke masa shekara 50 saboda taimaka wa 'yan tawayen Saliyo. In kin ga abin ya masa nauyi ki ɗaga masa zuwa shekara biyu, littafin ba zai gudu ba.

Na ƙarshe yana tambaya: na takarda ko na waya?

Ka fara karanta sampul na kyauta a Kindle ko Google Play Books, in ya kama ka sai ka saya. Irin wannan labarin sunaye da garuruwa sun yi yawa, za ka riƙa komawa baya kana duba taswira, don haka na takarda ya fi daɗi, ko na gwanjo ne, amma ka buɗe ka tabbatar shafukan ƙarshe ba su yage ba. PDF ɗin da ake yawo da shi a WhatsApp kuwa haƙƙin marubuci ne, dan Allah ka bar shi.