Ku Tambaya Mu Amsa: Maganganun mazan jiya da ke yawo a wayoyinmu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wanga satin saƙonni sun yi yawa, to sai na tsamo guda ukku da sunka yi kama da juna na haɗa su waje ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Kullum ina ganin maganar nan a Facebook da WhatsApp wai "mulki na ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci", wasu su ce ta Shehu ce wasu su ce hadisi ne, har gardama munka yi da abokina a majalisa. Don Allah mi ne ne gaskiya? Daga wani ɗan kabu-kabu, Mabera.

AMSA: Ɗan'uwa sannu da nema, Allah ya tsare hanya. Da farko kar ka jingina ta ga Annabi (SAW), ba ta cikin ingantattun littafan hadisi. Tsohuwar magana ce da malamai ke kawowa cikin littafan nasiha ga sarakuna tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Shehu Usmanu, shi kuma ya kawo ta cikin littafinsa Bayan Wujubil Hijra da ya kammala a 1806, ta hannunsa ne ta shigo bakinmu. To abokinka in ya ce ta Shehu ce bai yi ƙarya ba.

Amma ni abin da ke taɓa min zuciya shi ne lokacin. Ka duba fa, a 1806 Alkalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba tukuna, sai 1808. Shekara biyu kenan da baro Degel zuwa Gudu, an ci nasara a Tabkin Kwatto, sannan an sha wuya a Tsuntsuwa inda anka rasa mahaddata Alƙur'ani kusan 200, an sake shan wata a Alwasa kusa da Gwandu, ga yunwa ga ciwo ga mutane ba su da tabbacin inda za su kwana gobe, a cikin wanga hali ne mutum ya zauna yana rubuta yadda za a naɗa shugaba da alƙali da yadda za a riƙe talaka. Sarkin Gobir Yunfa da ake yaƙi da shi dai ba littafin zai karanta ba. Almajiran Shehu da ke ɗauke da tuta, waɗanda gobe su ne sarakuna, su ake ja wa kunne. Kuma tsoron nasa bai tashi a banza ba, don a 1807 ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya ga yadda wasu cikin jama'a sunka fara karkata ga ganima da dawaki da sarauta, ransa ya ɓaci, ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka, sai mutanen Kano sunka tsare shi ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu littafi kan tsarin mulki, sannan ya komo.

Kuma Shehu tun da daɗewa ya nuna wanga hali a aikace. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar babbar Sallah ya raba musu kyauta, na Shehu zinari miskali 500. Shehu ya ce shi da jama'arsa ba su buƙatar dukiya, abu biyar yake so: a bar shi ya yi wa'azi, kar a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, kar a matsa wa talakawa da haraji. Ka lura biyu na ƙarshen nan ba na malamai ba ne, na talaka ne irina da irinka. Wallahi duk sanda na shiga Hubbaren Shehu wanga labari ke fara faɗo min.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Malamar islamiyyarmu ta ce Shehu ya taɓa yi wa maza faɗa a kan barin mata cikin jahilci, ina son in san mi ya ce don in kai wa Baffa, shi ne ke cewa in na gama sakandare ya isa. Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo.

AMSA: Ƙanwata malamarku ta yi gaskiya. Cikin Nurul Albab Shehu ya soki malaman da ke karantar da almajirai safe da yamma amma sun bar matansu da ɗiyansu mata ba su san hukuncin alwala da sallah da azumi ba, har ya juya ga matan ya ce kar su saurari masu umurtarsu da biyayya ga miji ba tare da sun umurce su da biyayya ga Allah da ManzonSa ba. An ma zarge shi a lokacin saboda mata na zuwa wajen wa'azinsa, bai fasa ba. Hujjar da ta fi ƙarfi kuwa gidansa ne, ɗiyarsa Nana Asma'u da anka haifa a 1793 ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji, wato shugabar tawagar mata, ta ba ta malfa ta tura ta ƙauye ta karantar da mata, tana kan haka har ta rasu a 1864. Shawarata kar ki tari Baffa da gardama, ki samu Inna ko wani kawu da yake jin nauyinsa, ki bari sai ya huta bayan isha'i, a kawo mai labarin Nana cikin ladabi. Ina yi miki addu'a sosai, ki sake rubuto min in ji yadda ta kaya.

TAMBAYA: Da gaske ne Sardauna ya ce wa Azikiwe "mu fahimci bambance-bambancenmu"? Daga wani malamin firamare, Arkilla.

AMSA: Malam haka marubuta tarihin Sardauna sunka ruwaito. Zik ya ce mu manta da bambancin da ke tsakaninmu, Sardauna ya ce a'a, mu dai fahimce shi, ni Musulmi ne ɗan Arewa kai Kirista ne ɗan Gabas, in mun gane haka za mu iya gina haɗin kai. Zik kansa fa a Zungeru anka haife shi a 1904, ya tashi yana jin Hausa, ka ga ba baƙon juna ba ne.

Wasu na ɗaukar maganar kamar girman kai, ni ban yarda ba. Ka tuna 1953 da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a maye shekarar da "da zarar ya yiwu", don Arewa ba ta da isassun ma'aikata 'yan boko, anka yi wa wakilanmu ihu a titin Legas, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano anka rasa rayuka. Mutumin da ya ga wanga abu da idonsa ya san ciwon da anka rufe da zane ba ya warkewa. Kuma ɗan Rabah ne, jinin Shehu, mai riƙe da tarihi ƙwarai, ranar da Arewa ta karɓi mulkin kanta ita ce 15 ga Maris 1959, daidai da ranar da Turawa sunka ci Sakkwato a fagen Giginya a 1903. An kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966 tare da uwargidansa Hafsatu, Allah ya jiƙansu da rahama.

Wanda ya turo tambaya kan Sarkin Musulmi Attahiru da yaƙin Burmi ya yi haƙuri fili ya ƙare, da ita za mu buɗe sati mai zuwa in Allah ya kai mu.