Me Ya Sa Gida Ya Gagari Mai Albashi, Daga Rigasa Har Landan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina haya a Rigasa, ciki da falo, da iyalina da yara huɗu. Bana mai gida ya aiko dillali ya ce haya ta tashi daga naira 250,000 zuwa 400,000, in ba zan iya ba in tashi. Ƙanena da ke aiki a Landan ya ce shi ma kusan rabin albashinsa a haya yake tafiya. Wai matsalar ta duniya ce baki ɗaya? Sannan an yi mini tayin fuloti mai araha can gaba da Maraban Jos. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi. Ƙanenka gaskiya ya faɗa maka. Mu da muke aikin tsara birane muna da ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasashe da dama: idan muhalli ya ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na abin da mutum yake samu, to ya yi masa nauyi. Ka ɗauki mafi ƙarancin albashi a Kaduna, naira 72,000. Kashi 30 ɗinsa bai wuce 21,600 a wata ba, wato 259,200 a shekara. Kuma a nan dunƙule ake biya, shekara guda a gaba, ga la'adar dillali. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum biliyan ɗaya ne ke zaune a unguwannin da ba tsari, ba ruwa, ba magudana.

Kowa siminti yake zargi, kuma da dalili, tunda buhu ya haura naira 10,000 a farkon 2024, bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023. Amma a ganina babban abin da ke tsada shi ne fili, kuma ba kowane fili ba: filin da ke da hanya da ruwa da wuta, kusa da inda mutum yake neman abinci. Bulo ɗaya ne a Malali da Rigachikun, birkila ma ɗaya ne. Bambancin kuɗin gidan daga ƙasar da ke ƙarƙashinsa yake.

Singafo ta gane haka tun da wuri. Ta kafa hukumar gidaje a 1960, ta yi dokar karɓar filaye a 1966, har kusan kashi 90 na ƙasar ya koma hannun gwamnati. Daga 1968 aka bar ma'aikaci ya biya kuɗin gida daga asusun ajiyarsa na tilas. Yau kusan mutum takwas cikin goma a gidajen hukumar suke zaune, kuma kusan kowace unguwa da kasuwarta da makarantarta da tasharta ta jirgin ƙasa. Birnin Biyana na Ostiriya ya fara gina gidajen haya tun shekarun 1920, yana da kusan 220,000 a yanzu, kuma ya ƙi sayar da su. Ingila kuwa ta bi wata hanyar: daga 1980, zamanin Margaret Thatcher, aka sayar wa masu haya gidajen ƙananan hukumomi kusan miliyan biyu, ba a kuma gina madadinsu yadda ya kamata ba. Wani ɓangare na kukan ƙanenka daga nan ya samo asali. Mu ma ai mun ga irinta. Gidajen da aka gina wa masu ƙaramin ƙarfi a Barnawa da Malali, yau ƙaramin ma'aikaci ko tayawa ba zai iya ba.

Abu na biyu shi ne bashi mai dogon zango. A Amurka mutum yakan biya gida cikin shekara 30. A nan banki zai nemi ruwa kusan kashi 30, ya ce ka biya cikin 'yan shekaru, ga kuma batun riba da ke hana da yawanmu kusantar wurin. Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cirar kashi 2.5 na albashi dominsa, bankin jinginar gidaje na tarayya kuma yake ba da rance a kan kashi 6. Ka duba takardar albashinka. In ana cire maka, je ka bi sawun haƙƙinka. Sai dai za su nemi takardar shaidar mallaka, tunda dokar 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma yawancin filayenmu takardar mai unguwa kawai gare su.

Yanzu batun fulotinka. Na san wani direba da ya sayi fili a bayan gari, ya yi shekara uku yana tara bulo, ya ɗaga ɗaki biyu ya tare. Kullum sai ya hau mashin kafin ya kai titi, sannan mota biyu zuwa wurin aiki. Matarsa da take sayar da awara a ƙofar gida a tsohuwar unguwarsu ta rasa masu saya. Ruwa sai na 'yan garuwa. Da damina ta sauka, hanyar ta yanke, yara suka yi mako biyu ba makaranta. Bayan shekara ya kulle gidan ya dawo haya. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin guminsa ne a jikin wannan gini. Haka ta faru a Meziko, inda aka gina dubban gidaje nesa da birane, mutane suka watse suka bar su kango.

Saboda haka ban ce kada ka saya ba, amma ka fara da lissafi. Rubuta kuɗin motarka da na yara na wata guda daga can, ka haɗa da na ruwa, ka kwatanta da ƙarin 12,500 da mai gida ya ɗora maka a wata. Je ka ga filin a watan Agusta, lokacin da ruwa yake nuna hanyarsa, ka tambayi maƙwabta inda yake kwanciya. Kada ka ba da ko sisi sai ka kai bayanan filin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, an duba maka ko na wani ne, ko yana kan hanyar da gwamnati ta tsara. Idan ya tsallake duk wannan, saya ka kewaye, ka ci gaba da zama kusa da makarantarku kana gini sannu a hankali, da adashe ko ƙungiyar gama kai ta malamai. Ɗaki ɗaya da banɗaki da rijiya tukuna, kuma kada ka raina jan bulo, ya fi sanyi lokacin bazara.

Mai gidanka kuma, kada ka tsaya ga saƙon dillali. Ka same shi da kanka tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka nemi a rage, ko a raba maka biyan gida biyu, kuma duk abin da kuka tsayar a rubuta shi da shaidu.