Matata ta haihu lafiya, amma kullum tana cikin kuka

Tambaya: Assalamu alaikum. Matata ta haifi ɗanmu na fari, har an yi arba'in, amma tun bayan suna ba ta da walwala. Tana kuka ba dalili, ba ta samun barci ko da jaririn ya yi barci, kuma takan ce ita ba uwa tagari ba ce. Surukata ta ce iska ce. Me ya kamata in yi? Daga wani magidanci a Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Mata da yawa sukan yi saurin kuka da fushi kwana biyu ko uku bayan haihuwa, saboda sauyin sinadaran jiki da gajiya, kuma hakan yakan wuce cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka har ya kai arba'in, ya haɗu da rashin barci da zargin kai, ya yi kama da ciwon damuwa na bayan haihuwa, wanda ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ko rashin godiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi irin wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kula da wankan jego da kunun kanwa, amma ba mai zama ya tambayi mai jego abin da ke ranta. Ka zauna ka saurare ta ba tare da ka ce "ki yi haƙuri kawai" ba, sannan ka nemi wata 'yar uwa ta riƙa karɓar jaririn domin ta samu barci mai tsawo.

Addu'a ba ta hana neman magani, don haka ka lallashi surukarka cikin ladabi, ku kai matarka asibiti. Ku fara da asibitin da ake yi wa yaron riga-kafi, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a duba ko tana da ƙarancin jini, a kuma yi mata tambayoyin tantance damuwa. Ana warkewa ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da magani, kuma akwai magungunan da ba sa hana shayarwa.

Idan ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, ko tana jin muryoyin da ba wanda ke ji, kada a bar ta ita kaɗai, a garzaya da ita asibiti a ranar.