Kafin ka zuba kuɗin riɗi a madafar gidan da za ka sayar

Wani ɗan kasuwa mai harkar riɗi da zoɓo tsakanin Gumel da kasuwar Maigatari ya aiko da tambaya. Yana da gida mai ɗaki uku a wani ƙauye, yana so ya sayar baɗi ya koma cikin gari. Madafar gidan 'yar ƙarama ce, hayaki ya mai da ita baƙi ƙirin. Wani kafinta ya yi masa lissafin naira dubu 900: tayil har sama, silin, da kabad ɗin katako irin na gidajen birni. Yana tambaya, in ya ciro kuɗin daga jarinsa, za su dawo ranar ciniki?

Alhaji, ba za su dawo duka ba. Mai sayen gida a ƙauye girman fili yake fara dubawa, sai unguwa, sai rufi, sai nisan ruwa. Madafa ba kasafai take ɗaga farashi ba, amma lalatacciya takan sauke shi, domin ita dillali zai nuna ya ce a yi ragi. Don haka toshe bakin mai neman ragi shi ne aikinka, kuma wannan ba ya cin rabin abin da aka lissafa maka.

Kabad ɗin nan shi zan fara sokewa. A al'adarmu mace da kayanta take shiga gida, danginta ne ke zuwa su yi mata jere yadda suke so. Wanda zai sayi gidanka ba zai ƙara maka ko sisi ba saboda abin da surukansa za su kawo, ko wanda matarsa za ta ce a ɓalle mata. Ga shi yawancin irin wannan kabad da katakon MDF ake yinsa, wato garin katako da aka matse. Ruwa na taɓa gindinsa sai ya kumbura ya fara marmashewa, gara kuma ba ta jiran a gayyace ta. Madafar da ake ajiye randa da jarkokin 'yan garuwa ba wurinsa ba ne.

Abin da ya cancanci kuɗinka shi ne hayaki da ruwa. Ka sa magini ya fasa taga a bangon da murhu yake, ya bar 'yan ramukan iska can sama kusa da kwano, a sa musu raga saboda ɓera da sauro. A bar wata ƙaramar kafa a ƙasa ma, domin in mai gidan gobe da gas zai yi girki, iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaye ƙasa take kwanciya. A kankare baƙin bango sosai kafin a yi filasta. Wanda ya shafa fenti a kan kunkunniya ya yi asara, ba a jimawa take ɓullowa. Kwanon da ke yoyo a canza shi, katakon da gara ta ci a cire.

Sai daɓe. A yi na siminti, a karkata shi kaɗan zuwa bakin kwata, yadda in an watsa bokitin ruwa zai bi hanyarsa ya fice, ba ya taru a kusurwa yana cin gindin bango ba. Ka tsaya da kanka a gwada da bokiti kafin ka biya cikon kuɗin aiki. In cikin hunturu aka yi, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, in ba haka ba iska za ta busar da shi da wuri ya tsattsage. A gefe ɗaya a gina kanta ta bulo da kankare, tsayinta daidai ƙugu, a bar ƙarƙashinta a buɗe yadda tukunyar gas mai kilo 6 ko 12.5 za ta shiga, ko buhun gawayi. A saman kantar nan da ɗan bangon da ke bayanta kaɗai tayil yake da amfani, kuma fari ko ruwan madara za ka sa. Mai furanni kai ya burge, matar wani ba lalle ba. Kada ka rushe murhun itace na tsakar gida don ka nuna wayewa: ranar suna ko biki, babbar tukunya a can za ta hau.

Silin a madafar da ake hura wuta? Bar shi kawai.

Game da jari kuwa, kai ka fi ni sanin sau nawa dubu 900 za su juya a hannunka daga kakar riɗi zuwa ƙarshen zoɓo. Kuɗin da aka binne a bango sai ranar da aka sallama gida ake ganinsu, gidan ƙauye kuma yakan daɗe a hannun dillalai. Ka bari kasuwa ta lafa, ka yi gyaran daga riba. Ka nemi lissafi a rubuce daga magina biyu, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, siminti kuma ka sayo da kanka, domin farashin buhu mai kilo 50 ba ya zama wuri ɗaya tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Daga abin da ya rage, ka kashe wani abu a kan takarda. Yarjejeniyar sayen gidan da sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu tana nan? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a filayen da ba na birni ba, ka je ka nema. In gidan gado ne, a tabbata an raba, kowane magaji ya sa hannu. Mai saye ya fi tsoron rigimar magada fiye da baƙin bango.

In akwai tsagewar da ta kai tushe, ko dai ka gyara ta tun daga ƙasa, ko ka nuna wa mai saye ku daidaita a farashi. Lulluɓe ta da filasta algus ne, daidai da zuba yashi a gindin buhun riɗi, kuma a shari'a yana da damar dawo maka da gidanka in ya gano. Kafin magini ya ɗora bulo ko ɗaya, ka kira Hajiya ta tsaya a cikin madafar ta nuna inda kantar girkin za ta zauna da inda ƙofa ke tare mata hanya, domin in masu saye suka zo, mace irinta za su turo ta leƙa ciki.