Hirar bincike: mutum nawa za su isa, kuma yaya ake rubuta babi na huɗu?

Ƙanwata, kin ce kina karatun ilimin halayyar ɗan Adam, za ki yi hira da masu jego a cikin birni kan damuwar bayan haihuwa, kina tambayar mata nawa za su isa, da yadda ake rubuta sakamako, wato babi na huɗu na kundin bincike.

Ba yawa ake nema ba. Ki yi ta hira har sabuwar magana ta daina fitowa. Amma tukuna sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. In ta Asibitin Malam Aminu Kano za ki samo matan, kwamitinsu ma sai ya sa hannu.

Inda aikin yake shi ne wurin zama. In kika shimfiɗa tabarma a tsakar gida, uwar miji na tankaɗe a gefe, 'yan barka na shige da fice, "lafiya lau, alhamdu lillahi" kawai za ki kwaso. Ki nemi ɗaki ku biyu, ke da mai jegon, ki nemi izininta kafin ki ɗauki murya a waya. In ta yi shiru, ƙyale ta, sau da yawa maganar gaske na bayan shirun nan.

Kwafe hirar awa ɗaya kan ci awa huɗu zuwa shida, kada ki tara. Ki rubuta da Hausa yadda ta faɗa, fassara daga baya. Wajen nazari, hanyar Braun da Clarke ta 2006 mai matakai 6, ta fitar da jigogi daga kalaman hira, ta fi sauƙi ga ɗalibi.

A babi na huɗu, kowane jigo ki kawo shi da kalaman matan, sannan naki sharhin. Ban da lissafin kashi cikin ɗari. Ki ba kowace sunan aro, ko unguwarta kada ki ambata.